Ranar da Rubutun Mama Saratu Ya Hau Bango

Cikin duk ranakun da na zauna bayan teburin na'ura a kwalejin nan, wadda ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce ranar da masu tantancewa suka zo duba sassanmu uku. Tun da ku sababbi ne a ofishin kwamfuta, kuma ba da jimawa ba za a fara tura ku zaure ku riƙe taro ku kaɗai, bari in ba ku labarin daga farko. Kusan duk abin da ke iya samun mai wannan aiki ya same ni a yini ɗaya.

A lokacin ban daɗe da kama aiki ba. A takarda mataimakiyar jami'in kwamfuta ce ni, amma jami'in ya tafi ƙaro karatu, don haka ni ce jami'in, ni ce mataimakiyar, ni ce kuma mai jan wayoyin wuta daga wannan ofis zuwa wancan. Ba a ma tabbatar da ni a aiki ba, ina cikin watannin gwaji. Shugaban kwaleji na wancan lokacin, Dakta Bulus, wanda kowa ke kira Oga, shi zai sa hannu a tabbatar da ni ko ya ƙi.

Ga wanda bai san tsarin ba, kwalejin koyon aikin lafiya irin tamu ba ta da ikon yaye ɗalibi a kowane kwas sai hukumar da ke sama ta aiko mutane sun duba malamai da azuzuwa da ɗakunan gwaji. In sun gamsu, su ba da amincewa. In ba su gamsu ba, a rufe kwas, ɗaliban da ke ciki su tsaya cak. Yawancin ɗalibanmu kuwa 'ya'yan manoma ne daga Kachia da Kauru da Godogodo, waɗanda gida gaba ɗaya ya zuba wa ido. Shi ya sa da takardar zuwan baƙin ta iso, har bishiyoyin harabar makaranta sai da aka shafa wa farin ƙasa a gindi.

Tsarin ranar shi ne, baƙi su fara zama a zaure su saurari shugaban kowane sashe yana bayani da silaid, wato shafukan hoto da rubutu da ake haskawa a bango da majigi. Bayan nan su fita zagaye su gani da ido. Madam Asabe ce shugabar sashen lafiyar al'umma, Mista Danladi na sashen gwaje-gwaje, sai Baba Yohanna na tsaftar muhalli, aikin da iyayenmu suka sani da duba-gari. An kuma sanar da mu tun da wuri cewa shugaban baƙin, wani farfesa, ba ya son a rufe bayanin sashe in an gama. Yana iya cewa a koma kowane shafi na kowa a duk lokacin da ya ga dama.

Oga ya kira ni ya ce in haɗa fayil ukun su zama ɗaya. Na roƙe shi ya bar ni in yi ta wata hanya. In ka haɗa su, kalar wannan ta shiga ta wancan, rubutu ya karkace, kuma na san mutanena, ba za su daina gyara ba sai baƙi sun zauna. Madam Asabe kaɗai ta riga ta kawo mini filash, ɗan abin ɗaukar fayil, sau uku. Na farko sunan fayil ɗin fainal, na biyu fainal na gaske, na uku fainal kada a taɓa. Na ce masa gara kowane fayil ya buɗe a tagarsa, kamar a baza littattafai uku a buɗe kan tebur maimakon a ɗinke su wuri guda. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce shi dai kada ya ga kunya.

Ga yadda na shirya. Laftof a gabana, daga nan nake sarrafa komai. Majiginmu na haska bangon dama, a nan silaid ɗin mai magana zai fito. Majigi na biyu, wanda muka aro daga cocin unguwarmu, na haska bangon hagu, a nan zan jawo duk tagar da Farfesa ya nema. Sai ƙaramin allo da na ɗora kan teburin mai magana, yana fuskantarsa shi kaɗai. A wannan ƙaramin allon ne ake ganin ɗan rubutun tuni da mutum ke sawa ƙarƙashin kowane shafi, wanda jama'a ba sa gani. Kwamfuta tana ɗaukar allunan nan huɗu kamar fili ɗaya mai faɗi, in ka tura maus ya fita ta gefen wannan, sai ya ɓullo a na kusa da shi. Na canza wa fayilolin suna, kowanne da sunan mai shi, na manna takarda a kan kowace waya.

Ana gobe baƙi za su zo, da yamma bayan an tashi, Baba Yohanna ya zo gwaji. Ku ba ku same shi ba, ya yi ritaya. Dogon mutum ne mai furfura, wanda in ya shiga mahauta ko kasuwar Kafanchan da ɗalibai, muryarsa har bakin titi. Amma a ba shi makirfo a gaban masu kwat, sai ya riƙa gudu da magana. Da na buɗe fayil ɗinsa sai na ga ƙarƙashin kowane shafi akwai rubutu da Hausar gida. Na farko ya ce, Yohanna, gaishe su tukuna. Na biyu ya ce, kada ka yi gudu, ba jirgi za ka kama ba. Wani ya ce, a nan ka sha ruwa. Wani kuma, ka riga ka ce infak sau ɗaya, ya isa, wato "in fact" ɗin Turanci da ba ya barin bakinsa.

Na yi ƙoƙarin riƙe dariya, ban iya ba. Shi ma ya yi murmushi yana sosa ƙeya. Ya ce matarsa ce, Mama Saratu, tsohuwar malamar firamare. Ta zaunar da shi a falo ya yi mata bayanin gaba ɗaya, tana tsayar da shi tana gyara, shi kuma yana buga abin da ta faɗa kalma da kalma. Ya ce in ya karanta, muryarta yake ji, sai zuciyarsa ta kwanta.

"Amma ɗiya na," in ji shi, "wannan tsakanin ni da ke ne. Kada wani ya gani."

Na nuna masa ƙaramin allon, na zagaya da shi ya duba daga kujerun baƙi ya tabbatar ba a hango komai. Ya tafi hankali kwance.

Akwai wani abu ɗaya da kowa a kwalejin ya sani amma ba a faɗa da ƙarfi. Ƙa'ida ta ce kowane sashe ya kasance da ɗakin gwajinsa, inda ɗalibai ke koyon aiki da hannu. Mu kuwa sashen Madam Asabe da na Baba Yohanna ɗaki ɗaya suke rabawa. Dogon ɗaki ne mai ƙofa biyu, ɗaya ta wannan baranda, ɗaya ta wancan, kowace ƙofa da allon sunan sashenta. Sabon ginin da za a raba su yana can baya, an kai shi saman taga aka tsaya. A taron ma'aikata Oga ya ce shi bai ce kowa ya yi ƙarya ba, Allah ya kiyaye, amma kowa ya ɗauki hoton ɗakin daga nasa ɓangaren, kuma wanda ba a tambaye shi ba kada ya tsoma baki. A wajen zagaye za a shiga da baƙi ta ƙofa ɗaya da farko, a bi da su laburare da asibitin makaranta, sa'an nan a dawo ta ɗaya ƙofar bayan an juya tebura.

Ranar ta zo da hadari, irin na tsakiyar damina da ke taso mana ta wajen duwatsun Kagoro. Baƙi uku ne. Farfesa siririn dattijo ne mai farar hula, tabaraunsa na rataye da igiya a wuya, kuma tun da ya shigo ban ga haƙorinsa ba. Sai wata likita daga kudu wadda ba ta jin Hausa, da wani mai rubutu da bai ɗaga kai ba. Malamai suka cika tsakiyar zaure, wakilan ɗalibai a baya. Limamin makaranta ya buɗe da addu'a, ya ja ta har Oga ya fara gyaran murya.

Mista Danladi ya fara, ya gama lafiya. Madam Asabe ta biyo, ta yi bayaninta kamar mai karanta sanarwa a coci, ba gargada. Sau biyu Farfesa ya ɗaga biro ya ce a dawo masa da wani shafi na Mista Danladi, ni kuma na jawo tagar zuwa bangon hagu kafin ya sauke hannu. Na ga Oga ya waiwayo ya gyaɗa mini kai. Gaskiya a lokacin na fara jin kaina.

Baba Yohanna ya tashi cikin kwat ɗin da nake jin tun na bikin aurensa ne. Ya gaishe su tukuna, kamar yadda aka umarce shi. Yana tafiya a hankali, yana satar kallon ƙaramin allo, komai daidai. Ya kai wajen shafi na biyar ke nan aka saki ruwa, aka yi tsawa, aka ɗauke wuta.

A nan ku saurara da kyau, don wannan zai same ku. In wuta ta ɗauke, laftof ba ya mutuwa saboda batir, amma majigi da ƙaramin allo duk su mutu. Kwamfuta sai ta ga allo ɗaya ya rage mata, ta kwaso tagogin duka ta jibge su a kansa. In an tada janareta, na'urorin ba sa farkawa tare. Wanda ya riga farkawa shi kwamfuta ke ba lamba ta farko, ba ruwanta da yadda ka jera su da safe. Ranar nan majigin coci ne ya riga kowa.

Haske ya dawo. Bangon dama ya nuna shafin Baba kamar yadda yake. Ƙaramin allon gabansa ya nuna hoton bangon laftof ɗina, furanni kawai. Bangon hagu kuwa, da harufa manya kamar na allon talla, ya ce: Yohanna, cire hannu daga aljihu.

Hannun Baba na hagu kuwa yana cikin aljihu har wuyan hannu.

Shi bai gani ba, bango na bayansa. Yana ta leƙen furanni yana neman muryar matarsa. Daga kujerun baya aka fara dariya, wata ɗaliba ta ƙyalƙyale ta toshe baki. Madam Asabe ta sunkuyar da kai kafaɗunta na rawa. Likitar nan ta kudu ta karkata ta tambayi Farfesa me aka rubuta, shi kuma ya sa tabarau, ya karanta a natse, ya fassara mata a kunne ba tare da fuskarsa ta motsa ba. Ni kuwa ina neman maus. Jerin allunan ya birkice, in na tura dama sai kibiyar ta ɓace, in na tura hagu ta ɓullo a inda ban zata ba. Sai da na saki maus ɗin na koma kan madannai, na kamo tagar da su, na maido ta wurinta. Ba a daɗe ba, amma ya isa. Baba ya riga ya waiwaya, ya karanta da idonsa kafin rubutun ya ɓace.

Kowa ya zuba masa ido. Na ji kamar in shige ƙarƙashin tebur, don ni na yi masa alkawari. Baba ya tsaya yana kallon bangon da ya koma fari. Sa'an nan ya zaro hannun daga aljihu a hankali, ya dube shi kamar na wani ne, ya juyo wajen baƙi.

"Sa, mata na ce," in ji shi. "Ta koyar da 'yan firamare har ta yi ritaya. Duk sun gama sun tafi, ni kaɗai na rage mata a aji."

Dariyar da aka yi har ta danne ƙarar ruwa a kwano. Likitar ta jira fassara, ta yi tata daga baya ita kaɗai, wannan ya sake tada wata. Farfesa ya cire tabarau ya goge ido, ya ce a gaishe da malama, shawararta mai kyau ce, a ci gaba da bi. Daga nan Baba ya zama wani mutum. Bai ƙara duban ƙaramin allon ba. Ya bar bayan tebur ya fito fili, muryar kasuwa ta dawo, ya yi ta bayanin yadda yake kai ɗalibai duba rijiyoyi da mahauta kamar yana hira a ƙofar gida.

Muna cikin wannan jin daɗi ya danna shafi na gaba, hoton ɗakin gwaji ya fito. Farfesa ya ɗaga biro. Ya dubi hoton ya daɗe, sa'an nan ya juyo wajena ya ce, 'yata, kawo mini hoton ɗakin gwajin sashen lafiyar al'umma a wancan bangon, ina so in gan su tare.

Kafin in motsa Oga ya miƙe rabi daga kujera. Ya ce wa Farfesa cikin ladabi ai na'urar ta ɗan rikice tun da aka ɗauke wuta, kowa ya shaida, wataƙila a bari sai wajen zagaye. Yana faɗa yana kallona. Na fahimci kallon sarai. Gaskiyar magana kuwa na'ura ta warke. Tagar Madam Asabe na nan a laftof ɗina a buɗe, jawo ta kawai zan yi. In na ce ta ƙi, ba wanda zai musa, yanzun nan kowa ya ga abin da ta yi. Hannuna na kan maus, ina tunanin takardar tabbatarwata da ke kan teburin mutumin da ke kallona, ina kuma tunanin Farfesa, dattijon da ya kira ni 'yarsa, yana jira. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Baba Yohanna ne ya raba gardamar, da murya ƙasa-ƙasa amma makirfo ya ɗauka.

"Ɗiya na, sa musu."

Na jawo tagar, ta haye bangon hagu. Hotuna biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. An yi ƙoƙari, gaskiya. Wannan an ɗauka daga gabas, wancan daga yamma, tebura daban, kayan aiki daban. Abin da kowa ya manta shi ne ƙwarangwal ɗin roba da ke tsaye a tsakiyar ɗakin, wanda ɗalibai ke kira Maigida, wanda hannunsa ɗaya ya ɓalle tun kafin in zo. A bangon dama ga Maigida ta gaba. A bangon hagu ga Maigida ta baya.

Farfesa ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya ce, "Wannan bawan Allah mai hannu ɗaya, tagwaye ne?"

Wannan karon ba wanda ya yi dariya sai mai rubutun nan da bai taɓa ɗaga kai ba. Baba ya ce a'a, shi kaɗai ne, ɗakin ma ɗaya ne. Ya faɗa ba kwana-kwana: sassa biyu ke amfani da shi, Madam da safe, shi da rana, sabon gini na baya ba a gama shi ba. Sa'an nan ya ce in sa jadawalin darussansa a dama, na Madam Asabe a hagu. Na nemo shafukan na jera. Ya ɗauki sandar nuni yana tafiya daga wannan bango zuwa wancan, yana nuna cewa babu rana ɗaya da ajin wannan ya hau kan na wancan, kuma kowane ɗalibi na samun awoyin aikin hannu da ƙa'ida ta nema. Madam Asabe ta tashi ba a kira ta ba, ta ƙara da cewa ranar Asabar ma suna buɗewa ga waɗanda suka rasa. Likitar ta yi tambayoyi masu zafi a kan tsaftace kayan aiki tsakanin aji da aji, su biyun suka amsa, wani lokaci suna katse juna. Ni dai ina ta jan tagogi, wannan ya ce koma baya, wancan ya ce kawo na Danladi, har yatsuna suka yi zafi.

A ƙarshe Oga ya miƙe sosai. Ya ce abin da malamansa suka faɗa haka yake, kuma shi ne ya so a jinkirta maganar. Ya roƙi baƙi su fara zagayen da sabon ginin. Haka aka fita da lema cikin ruwa, Farfesa ya naɗe ƙafar wando yana tsallake taɓo, ya shiga kangon ya auna faɗinsa da taku. Wanda ya riƙe masa lema ya gaya mana daga baya cewa ya ce wa Oga ɗaki mai ƙofa biyu ba yau ya fara gani ba, kuma inda yake rufe kwas shi ne inda aka nuna masa ƙofa ta biyu aka rantse wani ɗaki ne.

Labarin rubutun bango ya riga Baba isa gida. Kafin Lahadi duk zumuntar matan coci ta ji. Ranar Litinin ina ofis sai ga wata gajeriyar dattijuwa da jaka a hammata tana tambayar wace ce Rifkatu. Na ce ni ce. Na fara ba da haƙuri, ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta ce ita ba wannan ya kawo ta ba. An ce mata rubutun ya fito da manyan harufa a gaban farfesa, tana so in buɗe ta gani ko Yohanna ya rubuta aljihu daidai, don ta san hannunsa. Na buɗe. Ta sa tabarau ta bi layi-layi, ta sami kuskure biyu a wasu shafukan, ta sa na gyara a gabanta, ko da yake taro ya wuce. Ta ajiye mini kwanon gwaten acca ta tafi.

Bayan wasu makonni sakamako ya fito. Sashen Mista Danladi ya sami cikakkiyar amincewa. Sauran biyun aka ba su ta wucin gadi, da sharaɗin a gama ginin kafin a dawo dubawa. Ba a tsayar da ɗalibi ko ɗaya ba. Ginin da ya yi shekaru a saman taga, kafin rani ya ƙare an rufa shi. Shi ne wanda kuke wucewa ta gabansa in za ku kantin abinci.

Duk tsawon makonnin nan Oga bai tayar mini da maganar ba. In mun haɗu a baranda in gaishe shi, ya amsa, ya wuce. Ranar da sakamakon ya zo ya aiko a kira ni. Na shiga ina addu'a a zuci. Na same shi da laftof a gaba, ya juyo mini da shi ya ce yana da takardu biyu da yake so ya gani a lokaci ɗaya, in nuna masa yadda ake yi. Na zagaya na buɗe kowace a tagarta, na ja ɗaya hagu, ɗaya dama. Ya gwada da kansa, ta yi.

"Ashe ba wuya," in ji shi.

Na ce, "Ba wuya, Sa."

Ya ci gaba da kallon allon. Sa'an nan ya ce, "Da kin ce da wuya ranar nan, da kowa ya yarda." Ya gyara tabarau. "Gara da ba ki ce ba."

A ƙarshen watan aka tabbatar da ni.

To, abin da za ku ɗauka a nan kashi biyu ne. Na hannu mai sauƙi ne. Kowane fayil da tagarsa da sunan mai shi. Ku gwada kashe wuta da kanku kafin taro ku ga inda tagogi za su faɗa. In wuta ta ɗauke, ku rufe bakin majigi da takarda kafin ta dawo, sai kun duba kun tabbatar sa'an nan ku buɗe. Ku koyi motsa taga da madannai, don maus yakan gudu ranar da aka fi bukatarsa.

Ɗaya kashin ya fi nauyi. Mai zama bayan na'ura yana ganin abin da zaure ba ya gani, tsoron mutane da ɗan abin da suke riƙewa don su iya tsayawa a gaban jama'a. Wannan amana ce, ku tsare ta iyakar ƙarfinku. Amma wata rana wani babba zai dube ku yana so ku ce na'ura ta ƙi, alhali lafiyarta ƙalau. A duk zauren ku kaɗai za ku san gaskiya, kuma na'ura ba ta da bakin da za ta kare kanta. Ranar nan ni sai da wani dattijo ya taimake ni kafin hannuna ya motsa. Ba kowane zaure ke da Baba Yohanna ba, saboda haka ku yanke shawararku tun yanzu, kafin a ɗaga muku biro.